Jagorar Sauraron Drone Metal: Yadda Ake Shiga Cikin Kiɗa Mai Nauyi da Jinkiri

Mafi yawan mutanen da suka ji kiɗan da ake kira drone metal a karo na farko sukan ɗauka cewa na'urar ce ta sami matsala, ko kuma makaɗan ba su gama daidaita kayansu ba. Jita ce mai aiki da lantarki, an sassauta tsirkiyoyinta har muryarta ta yi kauri ƙwarai, an jona ta da manyan amfilifaya, wato na'urorin ƙara ƙarfin sauti, da aka ƙure wa ƙara, sannan makaɗi ya kaɗa tsirkiya sau ɗaya ya ƙyale amon yana ruri na tsawon daƙiƙa ashirin ko fiye kafin ya sake taɓa ta. Sau da yawa babu ganga, babu amshi, babu baitin da mutum zai riƙe a ka, kuma waƙa guda tana iya cin rabin sa'a, wata ma sa'a cur. Wanda ya zo da irin kunnen da yake sauraron sauran kaɗe-kaɗe da shi zai zauna yana jiran a fara, har a gama bai ji an fara ba.

A ganina, matsalar tana ga inda mai sauraro ya ajiye hankalinsa. Mun saba bin kiɗa daga wannan sauti zuwa wancan, muna jiran abin da zai biyo baya, alhali a nan duk abin da ke faruwa yana faruwa ne a cikin sauti guda, tun daga lokacin da aka kaɗa shi har zuwa lokacin da ya mutu. Koyon jin wannan motsi na ciki abu ne da kowa zai iya, amma yana buƙatar shiri: kayan sauraro da za su iya fitar da sautin, ɗakin da ya dace, ƙarar da ba za ta cuci kunne ba, da lokacin da aka keɓe masa shi kaɗai.

Mataki na farko: ka san inda kiɗan ya samo asali

Sanin tarihin yana da amfani domin yana nuna maka cewa jinkirin da za ka ji da gangan aka yi shi. Kiɗan yana da saiwa biyu. Ta farko tana komawa ga ƙungiyar Black Sabbath, wadda aka kafa a birnin Bamingham na Ingila a 1968. Makaɗin jitarta, Tony Iommi, ya rasa kan yatsunsa biyu a wani hatsari da ya same shi a masana'anta tun yana matashi, kuma sassauta tsirkiyoyi yana cikin dabarun da suka rage masa zafin danna su. A faifan Master of Reality na 1971 ana jin sakamakon haka ƙarara, domin jitar ta yi ƙasa, ta yi nauyi, kuma ƙungiyoyi da yawa da suka biyo baya sun ɗauki wannan nauyi suna ƙara masa jinkiri. Saiwa ta biyu tana wajen mawallafan kiɗa na Amurka irin su La Monte Young, wanda a 1960 ya rubuta wani aiki da bai ƙunshi komai ba sai sautuka biyu da umarnin a riƙe su na dogon lokaci, wanda kuma daga baya ya yi karatu a hannun mawaƙin Indiya Pandit Pran Nath. A kiɗan gargajiya na Indiya akwai tanpura, abin kiɗa mai tsirkiya wanda aikinsa kawai shi ne ya riƙe amo guda a ƙasa yayin da mawaƙi yake yawo a samansa.

Wanda ya haɗa saiwoyin nan biyu a fili shi ne Dylan Carlson, wanda ya kafa ƙungiyar Earth a garin Olympia na jihar Washinton a 1989. Faifansu mai suna Earth 2, wanda kamfanin Sub Pop ya fitar a 1993, waƙoƙi uku ne kawai a cikin kimanin minti 73, kuma shi ne akasari ake ɗauka a matsayin tushen wannan salo. A 1998 Stephen O'Malley da Greg Anderson suka kafa Sunn O))) a birnin Seattle, suka ɗauko sunan daga wani kamfanin amfilifaya mai suna Sunn, wanda hakan kaɗai ya isa ya nuna maka matsayin amfilifaya a wannan kiɗa. A Japan kuwa ƙungiyar Boris, wadda aka kafa a 1992, ta fitar da Absolutego a 1996, waƙa guda mai tsawon kimanin sa'a ɗaya.

Mataki na biyu: kayan sauraro

A nan ne mutane da yawa suke yanke wa kiɗan hukunci ba tare da sun ji shi ba. Kaurin sauti ko sirantarsa ya dogara ne ga yawan kaɗawar da iska take yi a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma ana auna wannan da haz. Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana jin abin da ke tsakanin haz 20 da haz 20,000. Tsirkiya mafi kauri ta jitar da aka ɗaure yadda aka saba tana bayar da kimanin haz 82, ta jitar bes kuma kimanin haz 41. Makaɗan drone metal suna sassauta jitarsu ƙasa da haka sosai, har tsirkiyar ƙasa takan sauka zuwa wajen haz 55, kuma a wannan yanki ne jikin kiɗan yake. Ƙaramar lasifikar da ke cikin wayar hannu ko kwamfutar tafi-da-gidanka ba ta da faɗin da za ta iya tura iska a wannan mataki, saboda haka abin da take ba ka shi ne kaushin da ke saman sautin, wato wani zuzu mai gajiyarwa, yayin da nauyin da aka gina komai a kansa ya ɓace. Duk wanda ya ce ya saurari Earth 2 ta lasifikar waya, kashi kaɗan na faifan ya ji.

Abu mafi sauƙi da zai wadatar shi ne hedifon mai rufe kunne gaba ɗaya. Ƙananan da ake cusawa cikin kunne su ma suna iya fitar da sauti mai kauri, amma da sharaɗin robar bakinsu ta toshe ramin kunnen sosai, domin da zarar iska ta sami kafa, kaurin ya tsiyaye. Idan ka saka su ka ji muryarka ta koma cikin kanka lokacin da kake magana, to sun zauna daidai. Abin da ya fi duka shi ne manyan lasifika a cikin ɗaki, musamman idan akwai wadda aka ƙera domin sauti mai kauri kaɗai, wadda ake kira sabwufa, saboda hedifon kunne kawai yake kai wa sauti, lasifika kuwa tana kai shi ga ƙirji da ciki da tafin ƙafa. Wannan bambanci yana da girma a kiɗan da aka tsara shi domin jiki ya ji.

Ina ba da shawarar ka kashe duk wani tsarin ƙara kaurin sauti da ke cikin na'urarka. Faifan da kansa yana ɗauke da kauri mai yawa, kuma idan ka ƙara masa, ƙananan sautukan da ke samansa, waɗanda su ne za mu nema a mataki na biyar, za su nutse.

Mataki na uku: ɗaki da gwargwadon ƙara

Idan da lasifika za ka saurara, ka sani cewa ɗakin yana cikin kayan kiɗan. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, wanda ke nufin zangon igiyar sautin haz 55 ya haura mita shida, wato ya fi faɗin ɗakuna da yawa. Igiya mai wannan tsawo tana bugun bango ta dawo ta haɗu da wadda ke tahowa, sai a wasu wurare su ƙarfafa juna, a wasu wuraren kuma su kashe juna. Za ka iya tabbatar da haka da kanka. Ka kunna waƙa, ka jira wurin da amo guda ya daɗe yana ruri, sannan ka tashi ka taka a hankali daga wannan bango zuwa wancan. A kusurwa za ka ji kaurin ya cika kamar zai danne ka, kusa da tsakiyar ɗakin kuma sau da yawa za ka ji ya sirance ƙwarai, alhali ba ka taɓa komai a na'urar ba. Ka zaɓi wurin da kaurin yake da ƙarfi amma kana iya rarrabe wannan sauti da wancan, ka ajiye kujerarka a nan. Idan gilashin taga ko ƙofar kabad tana karkarwa, ka tokare ta da tsumma tun kafin ka zauna, domin ƙaramar ƙara irin wannan tana iya janye hankali na tsawon faifan.

Batun ƙara kuwa yana buƙatar a tsaya a kansa da kyau, domin akwai gaskiya biyu da suke jan mutum ɓangarori biyu. Gaskiya ta farko ita ce kunne ba ya jin sauti mai kauri sosai idan ƙarar ta yi ƙasa. Masu bincike biyu, Fletcher da Munson, sun auna wannan tun a 1933, kuma shi ya sa kiɗan nan yake zama kamar ba komai idan aka rage shi, yana kuma buɗewa idan aka ƙara. Gaskiya ta biyu ita ce ƙananan ƙwayoyin gashi da ke can cikin kunne, waɗanda suke mayar da kaɗawar iska ta zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, ba sa sake tsirowa idan ƙara ta lalata su. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta sa iyakar desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) na tsawon sa'a takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu: desibel 88 sa'a huɗu, 91 sa'a biyu, 94 sa'a ɗaya, 100 kuma minti 15 kacal. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar kada su wuce desibel 80 na tsawon sa'a 40 a mako idan suna sauraro da na'urorin kansu.

Haɗarin da ke cikin wannan kiɗa na musamman shi ne ba ya yankewa, kuma kunne yana sabawa. Bayan minti goma za ka ji kamar ƙarar ta ragu, hannunka zai nufi maɓalli, kuma idan ka biye masa sau uku ko huɗu za ka ƙare faifan a matakin da ba za ka taɓa yarda ka fara da shi ba. Dabarar ita ce ka tsallaka zuwa tsakiyar waƙa tun kafin zama, ka daidaita ƙarar a inda kake jin nauyi ba tare da zafi ba, ka koma farko, sannan ka ɗauke hannunka daga maɓallin har a gama. Idan da lasifika ne, ma'auni mai sauƙi shi ne wannan: in har sai ka ɗaga murya sosai kafin wanda ke nesa da kai da tsawon hannu ya ji ka, ƙarar ta kai inda ya kamata ka rage.

Mataki na huɗu: zaɓen faifai da keɓe lokaci

Ga mai farawa na fi son Life Metal na Sunn O))), wanda ya fito a 2019. Injiniyan ɗaukar sauti Steve Albini ne ya naɗe shi a Shikago a kan tef, kuma sautin jitar a cikinsa yana da haske da sarari, ta yadda ko kunnen da bai saba ba zai iya jin abin da ke motsi a ciki. Wanda yake son ya sami abin riƙewa daga kayan kiɗan da ya sani zai fi jin daɗin wani faifan na Sunn O))), Monoliths & Dimensions na 2009, inda aka haɗa jita da ƙungiyar mawaƙa da kayan busa. Earth 2 ya dace ya zo na biyu ko na uku, kuma tsarinsa da kansa darasi ne, domin waƙar farko tana da zubin sautuka da ake maimaitawa wanda za ka iya bi, ta ƙarshe kuma, mai kimanin rabin sa'a, kusan ba ta barin wuri guda. Ban ba da shawarar a fara da Black One, faifan Sunn O))) na 2005, ba, saboda yana da duhu da kururuwar muryoyi waɗanda za su iya korar mutum kafin ya fahimci sauran.

Ka sauke faifan a na'urarka idan da hali, domin kada talla ko yankewar intanet ta katse shi, ka kashe tsarin da ke cakuɗa jerin waƙoƙi, ka rufe sanarwar waya. A zama na farko waƙa guda ta minti 15 zuwa 20 ta isa. Ka rage hasken ɗakin, ka zauna a inda bayanka yake da abin jingina. Kwanciya tana da daɗi amma tana kawo barci. Kada ka yi wannan zama kana tuƙi, ko kana wani aiki da ke buƙatar ka ji abin da ke kewaye da kai.

Mataki na biyar: sauraron kansa

Mintunan farko su ne mafi wuya. Hankalinka zai yi ta neman bugun da zai bi, kuma da ya rasa, zai fara kawo maka tunanin aiki da saƙonnin da ba ka amsa ba, ya kuma ce maka ai ka riga ka gane abin, sauran duk maimaici ne. Wannan gundura ba alama ce ta cewa kiɗan bai dace da kai ba, kowa yana bi ta cikinta, kuma yawanci takan lafa ne idan ka ba kunne wani takamaiman aiki.

Aiki na farko shi ne ka bi rayuwar sauti guda daga farkonsa zuwa ƙarshensa. Lokacin da makaɗi ya kaɗa tsirkiya akwai wani ɗan kaifi na ƙiftawar ido, wato haɗuwar abin kaɗawa da ƙarfen tsirkiya. Bayansa sai sautin ya kumbura ya cika ko'ina, domin amfilifaya irin ta da, mai aiki da bawul na gilashi, idan aka tura ta fiye da ƙarfinta tana danne kan sautin tana ɗaga jelarsa, shi ya sa amon ba ya saurin raguwa kamar na jitar katako. Daga nan kaushin yakan fara sauya launi, wani ɓangare yana dusashewa wani yana fitowa, har a zo inda ko dai sautin ya faɗi, ko kuma wani siririn amo ya tsiro daga cikinsa ya hau sama. Wannan siririn amo yana da dalili. Ƙarar da ke fita daga lasifika tana da ƙarfin da take kaɗa tsirkiyar da kanta, maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyar ya ɗauki kaɗawar ya mayar wa amfilifaya, ita kuma ta sake fitarwa, haka abin zai yi ta zagayawa yana ciyar da kansa. Makaɗi yana sarrafa shi ta hanyar matsowa kusa da lasifika ko ja da baya, ko juya jikin jitar kaɗan. Idan ka ji wannan amo ya tashi ya tsaya cak sannan ya karkata, hannun mutum ne da tsayuwarsa kake ji, kuma a nan gwanintar makaɗin take.

Aiki na biyu shi ne ka rarraba sautin hawa-hawa. Tsirkiyar da ke kaɗawa a haz 55 tana kuma fitar da 110, da 165, da 220, da sauransu zuwa sama, kuma kaushin amfilifaya yana ƙara musu ƙarfi. Ka fara ajiye hankalinka a can ƙasa, inda abin ya fi kama da rugugin babbar mota da aka bari a kunne a bayan bango, wanda jiki yake ji kafin kunne. Bayan ɗan lokaci ka ɗago zuwa tsakiya, inda gurnanin jitar yake. Sannan ka hau can sama, inda akwai wani yashi-yashi da ƙananan fito masu zuwa suna tafiya. Ka zauna a kowane hawa na kimanin minti ɗaya. Abin da zai ba ka mamaki shi ne za ka fara jin ƙananan karin waƙa a hawan sama waɗanda babu wanda ya kaɗa su da yatsa, sun fito ne daga haɗuwar sautukan da juna.

Aiki na uku, wanda ni na fi ƙauna, shi ne neman bugun da ke ɓoye. Idan jita biyu suna riƙe da sauti kusan iri ɗaya amma da ɗan bambanci, misali ɗaya a haz 55 ɗayar a haz 57, igiyoyinsu sukan haɗu su rabu, sai ƙarar ta riƙa kumbura tana sacewa sau biyu a kowace daƙiƙa, wato gwargwadon bambancin da ke tsakaninsu. Yayin da tsirkiya take lafawa, ko makaɗi ya ɗan lanƙwasa ta, bambancin yana sauyawa, sai ka ji bugun ya yi sauri, ko ya yi sanyi har ya tsaya lokacin da sautukan biyu suka daidaita. Kiɗan da aka ce ba shi da ganga ashe yana da bugunsa, kuma da zarar kunnenka ya kama shi sau ɗaya, zai riƙa samunsa a kowace waƙa ba tare da wahala ba.

Sai kuma sauyin sauti. A waƙar da aka saba, sauyawa daga wannan haɗin sautuka zuwa wancan yana faruwa sau da yawa har ba a lura da shi. A nan kuwa, bayan ka zauna cikin amo guda na dogon lokaci har kunnenka ya ɗauke shi a matsayin ƙasar da kake tsaye a kai, sauka ƙasa da ɗan taki kaɗan yana zama babban al'amari, wani lokaci har ka ji cikinka ya motsa. Dogon jiran shi ne yake ba sauyin wannan ƙarfi, shi ya sa tsallaka waƙar gaba domin a nemo wurin da abu yake faruwa yake lalata ta gaba ɗaya. Idan ka ƙara haƙuri za ka gano cewa sauye-sauyen suna da tsari, zubi ne na sautuka kaɗan da aka miƙe shi har ya ɗauki minti guda ko biyu kafin ya zagayo, kuma a zagaye na uku ko na huɗu za ka fara sanin inda zai nufa.

Game da jiki, ka bar numfashinka ya yi tsawo yadda ya ga dama, ka kuma duba ko kana cije haƙora ko ɗaga kafaɗu, domin sauti mai ƙarfi yana sa mutum ya ɗaure jikinsa ba tare da ya sani ba, kuma ɗaurarren jiki yana gajiya da wuri. Masu sauraro da yawa suna samun natsuwa mai zurfi, lokaci kuma yana rikice musu, minti ashirin ya zama kamar biyar ko kamar sa'a. Wasu kuma sukan ji ƙunci a ƙirji, ko fargaba, ko jiri. Idan haka ta same ka, ka rage ƙarar, in bai wuce ba ka tsayar da waƙar. Babu wata riba a jure abin da jiki yake ƙi, kuma gobe ma rana ce.

Idan waƙar ta ƙare, kada ka kunna wata nan take. Ka ba kunnenka 'yan mintuna ya huta, ka kuma lura ko akwai wani fito ko toshewa a cikinsa, domin idan akwai, ƙarar ta yi yawa kuma dole ne ka rage a zama na gaba.

Mataki na shida: maimaitawa

Ka koma wa waƙar nan guda bayan kwana ɗaya ko biyu kafin ka nemi sabuwa. A karo na biyu ka riga ka san tsawonta, fargabar yaushe za ta ƙare ta kau, sai hankali ya sami sararin jin abin da ya wuce shi a baya. Idan ka fara da hedifon, ka gwada lasifika, ko akasin haka. Daga nan ka tsawaita zaman zuwa faifai cikakke.

Mataki na bakwai: zuwa wajen da ake kaɗa shi kai tsaye

Duk abin da aka naɗa a faifai ƙaramin hoto ne na abin da ke faruwa a zauren kiɗa. A wasan Sunn O))) makaɗan suna fitowa cikin dogayen riguna masu rufe kai, a gaban jerin amfilifaya da aka jera kamar bango, ana kuma cika zauren da hayaƙin na'ura har da kyar ake ganinsu. Manufar hayaƙin, a fahimtata, ita ce a rage wa ido aiki domin jiki ya karɓi sauti. Kuma yana karɓa: tufafinka suna kaɗawa a jikinka, ƙashin ƙirjinka yana amsawa, idan ka buɗe baki za ka ji iskar da ke cikinsa tana rawa.

Ba a shiga irin wannan wuri ba tare da abin toshe kunne ba. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 domin wuraren kiɗa ta sa iyakar desibel 100 a matsakaicin kowane minti 15, kuma ka riga ka ga a mataki na uku cewa kunnen da ba shi da kariya minti 15 kawai yake da shi a wannan mataki, alhali wasa yana wuce sa'a guda. Abin toshe kunne na soso yana aiki sosai idan an saka shi daidai. Ka murza shi tsakanin yatsu har ya zama siriri ba tare da ya lanƙwashe ba, ka zagayo da ɗayan hannun ta bayan kai ka ja saman kunnen sama da baya domin ramin ya miƙe, ka tura soson ciki, sannan ka riƙe shi da ɗan yatsa na kimanin daƙiƙa talatin har ya kumbura ya cika wurin. Idan rabinsa yana leƙowa waje, bai zauna ba, ka cire ka sake. Ka saka shi tun kafin a fara, kada kuma ka cire shi a tsakiya domin ka ji yadda abin yake, saboda 'yan mintunan nan sun isa su yi ɓarna. Ba za ka yi asarar kiɗan ba, domin soso ya fi rage sirarran sautuka masu cutarwa, kaurin kuwa yana ratsa jiki ta ƙashi ko da kunne a toshe yake.

Ka guji tsayawa daidai bakin lasifika. Kusa da teburin mai daidaita sauti, wanda yawanci yake tsakiya ko bayan zauren, shi ne inda sautin ya fi daidaito, tun da daga nan ake auna shi. Ka sha ruwa kafin ka shiga, ka ɗan sassauta gwiwoyinka idan tsayuwa ta yi tsawo, ka kuma san inda ƙofa take, domin zafi da hayaƙi da ƙara idan suka haɗu suna iya kawo jiri, kuma fita na minti biyar ya fi faɗuwa a cikin taro. Mai ciwon asma ya tafi da maganinsa saboda hayaƙin, wanda kuma yake da wata matsalar kunne ko ta zuciya ya tuntuɓi likita kafin ya je. Bayan wasan ka ba kunnenka aƙalla yini guda ba tare da hedifon ko wata ƙara mai ƙarfi ba. Idan fito ko toshewar kunne ta wuce kwana ɗaya ko biyu ba ta lafa ba, ka je a duba ka, idan kuma ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, ka nemi likita a ranar ba tare da jira ba.